DARASIN ƘUNGIYA: KUZAR ƘAUYEN NOK DA GIDAN TARIHINSA

 Mun saba yin darasi a kan abin da ke bisa gona, watau iri da taki da maganin ƙwari. Wannan karo za mu leƙa ƙarƙashinta. Ana roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta darasin nan a hankali a wurin taro, ya riƙa tsayawa don dattawa su sa baki, gama akwai abubuwa a ciki da suka fi mu sani.

Dalilin darasin ba boyayye ba ne. Ana haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, kudu da mu. Ana haƙar zinariya a Zamfara, bayan Dajin Rugu. Masu neman dutse mai kuɗi kuwa ba su san iyakar jiha ba. Ran da baƙo zai yi sallama da kuɗi a hannu, ya ce a ba shi aron gefen gona ya gwada sa'a, ya kamata ya tarar mun riga mun yi shawara a tsakaninmu. Don haka za mu ɗauki labarin ƙauye guda wanda haƙa ta shiga cikinsa ta fita tuntuni, mu ga abin da ta ɗauka da abin da ta bari. Sunan ƙauyen Nok. Yana kusa da Kwoi, a ƙasar Jaba, kudancin Jihar Kaduna.

Kuza kafin Turawa da bayansu

Kada kowa ya yi tsammani Bature ne ya kawo haƙar kuza ƙasar nan. Tun kafin zuwansa Hausawa na narka kuza a Riruwai ta ƙasar Kano, daga baya waɗansunsu suka koma Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi. Sukan zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkayen ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka gani, suka bi sawu. A 1902 suka aika da mutane neman asalinta, ba a daɗe ba suka kafa sansani a Naraguta, kusa da inda garin Jos yake yanzu. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa can. Masu narka ta gargajiya kuwa, ba a jima ba sana'arsu ta mutu, domin filayen da suke ɗiba an yanka wa kamfanoni.

Ga yadda aikin yake, don mai karatu ya fahimci ɓarnarsa. Kuza baƙin yashi ce mai nauyi, tana kwance a tsofaffin hanyoyin ruwa waɗanda ƙasa ta binne tun zamanin da. Kafin a kai gare ta sai an yaye duk ƙasar da ke bisa, wani wuri ƙafa goma, wani wuri ƙafa talatin ko fiye. Leburori na sara da diga, suna kwasa da kwano a ka. Sa'an nan a wanke tsakuwar da ruwa mai yawa, mai nauyin ta zauna, laka ta wuce ta cika rafi. Ƙasar sama mai albarka, wadda manomi ya yi shekaru yana zuba wa taki, ita ake fara sara, ita ce kuma ke zama a can ƙarƙashin tsibi, jar ƙasa ta hau kanta.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta kama ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza. Sai gwamnati ta sa aikin tilas, daga 1942 zuwa 1944. Aka riƙa kwasar maza dubun dubata daga lardunan Arewa ana kai su filin kuza, aka kuma tara hatsi daga ƙauyuka don ciyar da su. Sanyin tudun Jos da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da yawa. Gonakin da suka bari a gida, wa zai nome su? A 1943 kuzar da aka fitar ta kai tan dubu 17, ba a kuwa sake kai wannan ba. Daga nan ta yi ta raguwa, har kasuwarta ta rushe a Landan a watan Oktoba na 1985. Idan akwai tsoho a ƙungiyarku wanda ubansa ko kawunsa ya je kuza, magatakarda ya dakata nan, a bar shi ya faɗi abin da ya ji.

Abin da diga ta tono a Nok

A 1928 ana cikin wankin kuza kusa da Nok, a filin wani Bature mai suna Kanar Dent Young, sai wani lebura ya ga ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu cikin tsakuwa, daga zurfin da ya wuce ƙafa ashirin. Aka kai shi ofishin ma'adinai a Jos, aka ajiye, aka manta. Shekara goma sha biyar bayan haka, a 1943, aka tono wani kai a filin kuza na wajen Jama'a. Wani ma'aikacin wurin ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya, ya zama mutum-mutumi, ya shekara guda yana gadin doya. Daga baya manajan filin ya gan shi, ya kai wa wani matashin jami'in mulki a Jos, Bernard Fagg, wanda ya yi karatun binciken kayan da. Da Fagg ya haɗa kawunan biyu ya ga idanunsu iri ɗaya ne, hannun mutane ɗaya ne. Sai ya sa wa mutanen da suka yi su sunan ƙauyen da aka fara samu. Ta haka sunan Nok ya shiga littattafan makarantun duniya.

Abin da Fagg ya yi bayan wannan shi ne ya fi burge ni, domin aiki ne irin na malamin gona. Ya bi filayen kuza ɗaya-ɗaya yana yi wa leburori da manajoji bayani: in kun ga irin wannan kada ku fasa, kada ku yar, ku ajiye, ku kuma tuna inda ya fito. Da taimakon waɗannan leburori, waɗanda galibi ba a rubuta sunayensu ba, aka tara kayan da suka zama tushen Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Daga baya, a shekarun 1960, ya yi tono a Taruga, kusa da Abuja, ya sami wuraren narka tama fiye da goma, waɗanda suka girmi haihuwar Almasihu da shekaru ɗaruruwa.

Daga 2005 masana na wata jami'ar Jamus, tare da ma'aikatan gidajen tarihi na Nijeriya, suka koma yankin suka yi tono a tsanake. Suka gane mutanen sun fara zama a wurin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Almasihu. To, ga abin da ya shafe mu. A cikin tokar murhunsu an sami ƙonannun ƙwayoyin gero da na wake, da ƙwallon atili. A jikin tukwanensu kuma an sami alamar kakin zuma. Ashe manoma ne kamarmu. Geron da muke shukawa da ruwan farko, da waken da muke sa masa a tsakani, su ne abincinsu shekara dubu uku da suka wuce. Ba wanda zai san haka in da an kwashe mutum-mutumin kaɗai an watsar da tokar. Toka da fasassun tukwane da zurfin ramin su ne suka ba da shaida.

Gidan tarihin ƙauye

Akwai ƙaramin gidan tarihi a Nok, ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Sai dai manyan kayan da suka sa aka san ƙauyen, yawancinsu ba a nan suke ba. Waɗansu na Jos, waɗansu na Legas, waɗansu masu yawan gaske kuwa suna Turai da Amurka, kuma ba ta ƙofa suka fita ba. Daga wajen 1993 dillalai suka shiga ƙauyukan yankin da kuɗi, matasa suka bar noma suka shiga tono dare da rana. Ana sayen abu a hannunsu da kuɗin da bai kai na ɗan akuya ba, a sayar da shi a waje da kuɗin da zai gina asibiti. Abin ya kai har a shekara ta 2000 aka baje biyu daga cikinsu a babban gidan tarihi na Paris, bayan gwamnatin Faransa ta saya a hannun wani dillali na Beljiyam. Aka yi ta cece-kuce. A 2002 Faransa ta yarda kayan na Nijeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25.

Kada mu ce wannan labarin mutanen kudancin Kaduna ne kaɗai. A wannan shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ɓarayi suka fi wawasa, a ciki har da kayan yumɓu na ƙasar Katsina da ta Sakkwato. Irin na Katsina an kwashe su ba tare da an rubuta daga wace gona ko wane tudu suka fito ba. Yau suna cikin gilashi a ƙasashen waje da sunan Katsina a jikinsu, mu kuwa da muke Katsina ba mu iya nuna wurin da aka tono su.

Ga nawa ra'ayin, ƙaramin gidan Nok ya fi na Paris daraja ta fuska ɗaya. Yaron makarantar Nok na iya tafiya da ƙafa ya gani, ya fito ya dubi tudun da abin ya fito. Ta fuskar kuɗi kuwa, kada a ruɗe mu. Gidan tarihi bai mai da Nok birni ba. Baƙi ba su zuwa inda hanya ba kyau, ba su kuma zuwa inda ba tsaro. A watan Fabrairu na 2017 'yan bindiga sun sace biyu daga cikin masanan Jamus a wurin aikinsu a ƙasar Kagarko, suka kashe mutum biyu na ƙauye da suka bi sawu don ceto. An saki Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin bai koma yadda yake ba. Mu mutanen Batsari da Safana ba sai an yi mana bayanin wannan ba.

Ramukan da aka bari

Kamfanonin kuza sun tafi sun bar tudun Jos da tafkuna fiye da dubu da tsibin jar ƙasa. Shanu na faɗawa, yara na nutsewa. Gwamnati ta gwada gyara, ta baje waɗansu tsibin ta dasa itatuwan turare, amma abin da aka gyara kaɗan ne, ƙasar kuma ba ta komo da ƙarfinta ba. Gaskiya ɗaya dai, manoman can ba su zauna suna kuka ba. Sun mai da ruwan tafkunan na noman rani, suna fitar da tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa. Wannan dabararsu ce da guminsu, ba kyautar kamfani ba ce.

Na kusa da mu ya fi wannan muni. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Ana tsammani zazzaɓi ne ko sanƙarau. Ashe dutsen zinariyar da maza ke kawowa gida yana da dalma a ciki. Ana farfasa shi a tsakar gida, ana niƙa shi da irin injin da ake niƙa hatsi, ƙura ta sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara wajen 400 suka mutu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu, waɗansu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Kafin a fara ba yaro magani sai da aka kankare ƙasar gidaje da ta hanyoyi aka binne, aka zubo sabuwa, gama in ya koma gida mai guba aikin banza ne. Bagega ba a gyara ta ba sai 2013, don jiran kuɗin gwamnati. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Shikira ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Mata na ƙungiya su riƙe wannan da kyau: dutsen haƙa ba ya shiga gida, ba ya shiga turmi, ba ya zuwa wurin mai injin niƙa. Wanda ya dawo daga rami ya yi wanka ya canja riga kafin ya ɗauki yaro.

Abin da doka ta ce

Bisa Tsarin Mulki na 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ko da gonar gadon kakanka ce. Wannan ba daɗin ji, amma haka yake. Sai dai dokar ba ta bar manomi hannu wofi ba. Mai neman izinin haƙa sai ya nemi yardar mai gona. Sai ya biya diyyar amfanin gona da itatuwa da gini. Kamfani sai ya yi yarjejeniya da jama'ar wurin a kan abin da zai yi musu kafin ya fara aiki, kuma wajibi ne ya gyara filin in ya gama. Izinin daga Abuja yake fitowa. Takardar mai unguwa ko ta kansila ba lasisi ba ce, komai yawan hatimin da ke jikinta.

Shawarata ita ce kada ɗan ƙungiya ya yi ciniki shi kaɗai a zaure da dare. A kawo maganar gaban taro. A rubuta faɗin wurin da tsawon lokaci. A rubuta cewa ƙasar sama, ƙafa ɗaya ta farko, za a tara ta daban a gefe, a mai da ita bisa bayan an cike ramin. Kuɗin cikewa kuma a karɓe shi tun farko a ba ma'ajin ƙungiya, domin wanda bai sami kome a rami ba ba ya tsayawa yin ban kwana. Wanki kuma ya yi nesa da rijiya da mashayar dabbobi.

Kayan da kuwa suna da tasu doka, ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi. Ta hana saye da sayar da su, ta kuma ce wanda ya tsinta ya sanar. Ofishin da ya fi kusa da mu shi ne Gidan Tarihi na Katsina, a tsohon ginin ƙasa na Kwalejin Horon Malamai da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Duk wanda ya taɓa riƙe alli, in ya shiga birni ya daure ya leƙa ginin nan. Wani ɗan'uwa zai ce, ai mutum-mutumin yumɓu gunki ne, gara a fasa. Ajiye abu don a san tarihi daban, yi masa sujada daban. Ba wanda ke durƙusa wa kan Jama'a a gidan tarihi, ko mai gonar doyar ma aikin gadi ya ba shi.

Tamu haƙar

Mu ma muna da tarihin haƙa, sai dai ba a rubuce yake ba. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kafin ɓaraguzan mota su cika kasuwa, duk hauya da galma da gatari da lauje na ƙasar Hausa daga tama aka yi su. Maƙera ke haƙo ta, su sari ƙirya su yi gawayi, su gina wurin narkawa da yumɓu, su kwana suna kiwon wuta. A Dutsen Dala na Kano an sami shaidar wannan aiki tun ƙarni na 7. Da tsohon ƙarfe ya yi araha sai aka bar narka, aka ci gaba da ƙira kaɗai. Baƙaƙen duwatsun nan masu ƙuraje da ramuka, waɗanda garmar shanu ke turowa a waɗansu gonaki mu jefar a kan iyaka, sau da yawa kashin maƙera ne. Inda ya yi yawa, an taɓa narka tama a wurin, tamar kuwa da dajin da ya ba da gawayi ba su da nisa.

Wannan sani yana kan tsofaffi, tsofaffin kuwa suna ƙarewa. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a gefen Rugu, mutane sun koma cikin Batsari da Dutsin-Ma da Katsina. Tsohon da ya san sunan kowane tudu da kufai, ya san inda gonar wane ta tsaya ta wane ta fara, yana zaune a ɗakin haya a gari. Ran da aka koma, ko ran da kamfani ya zo da taswira yana tambayar na wane ne nan, wa zai ba da shaida? A nan ne tarihi ke zama maganar diyya da gado.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta fara nata ɗan gidan tarihi. Ba sai an yi gini ba. Akwatin ƙarfe mai kwado a sito ya isa, ko kanta guda a ajin makaranta in hedimasta ya yarda. A sa kashin maƙera, da fasassun tukwanen kufai, da tsohuwar hauya, da zugazugi ko awartakin da aka daina aiki da shi. Kowane abu a ɗaura masa takarda: gonar wa, wane gefe, zurfin nawa, wace rana, wa ya tsinta. Wanda ba shi da takarda tarkace ne kawai. Abin da aka tsinta a bisa ƙasa ko garma ta turo shi muke nufi. Kada kowa ya je tono, kada kuma kowa ya shiga daji ko kufan da ba lafiya saboda wannan aiki. In an gamu da babban abu, kamar kan mutum ko tukunya cikakkiya, a bar shi inda yake, a rufe da ƙasa, a faɗa wa dagaci, a aika Katsina.

Littafin ya fi akwatin muhimmanci. A sayi littafin rubutu biyu, a riƙa kwafe abu ɗaya a cikinsu, ɗaya ya zauna wurin magatakarda, ɗaya a ajiye a gari wurin wanda aka amince da shi, don in wuta ko gudu ta ci ɗaya, ɗaya ya tsira. Shafin farko na maƙera ne. Yawancinsu maƙwabtanmu Musulmi ne, tarihin kuwa namu ne duka. Kafin taro mai zuwa, mutum biyu, dattijo da saurayi mai rubutu, su ɗauki goro su je gaida Sarkin Maƙera. Kada su je ranar kasuwa, yana da aiki. Su tambaye shi inda kakanninsa ke haƙo tama, da watan da ake narkawa, da yawan kwanakin da wuta ke yi, da sunan mutum na ƙarshe da ya narka a ƙasar, da abin da ake ba mai gonar da aka haƙa a cikinta.